Daga Zangon Fagge zuwa Filin Wasan Sabon Gari: Tarihin Hutun Mai Dogon Gudu

Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Fagge zango ce. A bayan ganuwa take, inda ayarin Buzaye daga Azbin kan sauke gishirin Bilma da dabino, su huta kafin a shiga ciniki. A bakin fatake kalmar zango tana nufin wurin sauka, tana kuma nufin tafiyar da ke tsakanin sauka da sauka. Hutu yana cikin lissafin hanya tun daga gida. A zango ake bai wa dabbobi kanwa, mutane su dama fura, a duba ƙafafu. Madugun da ya tsallake zango don gaggawa, ayarinsa ne ke jin jiki.

Zuwan jirgi ya haifi Sabon Gari wajen 1913, mazaunin ma'aikatan jirgi da akawu da 'yan kasuwa daga kudu. Ta hanyar makarantu da barikin soja, gudu ya zama wasa mai layi da agogo, yara na tsere a bikin ranar Daular Ingila, 24 ga Mayu. Filin wasan Sabon Gari, wanda aka fi sani da filin Kano Pillars, gadon wannan sauyi ne. Sai dai wasan ya zo da tunanin Turai na wancan zamani, wanda ya ɗauki shan ruwa a tsakiyar tsere alamar ragwanci.

Likitoci sun daɗe kafin su rushe wannan tunani. A 1924 aka auna jinin wasu da suka kammala gudun fanfalaki na Boston a Amurka, aka tarar sukarin jinin waɗanda suka fi galabaita ya yi ƙasa ƙwarai. Shekarar da ta biyo baya aka ba su alewa a hanya, suka iso da sauran ƙarfi. A 1966 wasu masana biyu a Swidin, Bergström da Hultman, suka tuƙa keke da ƙafa guda kowannensu har ta gaji, sannan suka yi kwanaki suna cin abinci mai sitaci. Tsokar da ta wahala ta tara sukari fiye da wadda ba ta yi aiki ba. Ma'ana, bayan gudu jiki ke ƙara ƙarfi, muddin ya sami abinci da lokaci. A 1985 kuma Tim Noakes na Afirka ta Kudu ya nuna cewa ɗirkar ruwa zalla fiye da kima na iya tsinka gishirin jini har rai ya shiga haɗari.

Wannan tarihi ya shafi ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke bin Titin Murtala Muhammad da gudu bayan sallar Asuba, sannan ya wuce ofis ko Kantin Kwari. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, mai gudu kuma na iya zubar da gumin da ya wuce lita ɗaya cikin awa guda. Idan ya hau sikeli kafin gudu da bayansa, kowane kilo da ya ragu yana buƙatar kusan lita ɗaya da rabi, a sha sannu a hankali tare da abinci mai gishiri. Fura da nono ta dace da wannan lokaci: gero ya mayar da sitaci, nono ya ba tsoka abin gyara kanta.

Tsamin jiki yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, saboda ƙananan yage-yage a cikin tsoka. Barci da tattaki mara nauyi ne maganinsa. Haɗarin yana wajen mai haɗiyar ibuprofen ko diclofenac a kan ƙishirwa don ya koma titi washegari, domin waɗannan magunguna kan takura ƙoda idan jiki ya bushe. Wanda ya kammala cikakken fanfalaki, kilomita 42.195, yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya koma atisaye mai tsanani.

Fataken da suka sauka Fagge ba su da sikeli, amma sun san adadin zangunansu kafin su ɗaura kaya. Mai gudun yau ya kamata ya rubuta ranakun hutunsa a jadawali ɗaya da ranakun atisaye.