Daga Katako Zuwa Sola: Tarihin Masu Zama Cikin Jirgin Iska

Har wajen ƙarshen ƙarni na 19, mutum ba ya shiga teku sai da dalili: fatauci, su, yaƙi ko aikin hajji. Sarakuna da attajirai kaɗai ke da jirgin shan iska, irin wanda mutanen Holan suka ba Sarki Charles na Biyu na Ingila a 1660, shi ma yawanci ba ya nisa da gaɓa. Mai ƙaramin ƙarfi ya mai da jirgi gidansa ya bi duniya don ganin gari, wannan sai da jiragen tururi suka ƙwace aikin masu filafilai tukuna.

Cikin waɗanda aka bari babu abin yi akwai Joshua Slocum, kyaftin ɗan Nova Scotia. A 1892 wani abokinsa ya ba shi wani tsohon jirgin su mai suna Spray, yashe a fili a Fairhaven ta Amurka, ya ruɓe. Slocum ya sari itacen oak da hannunsa, ya yi wata 13 yana sauya katako ɗaya bayan ɗaya, ya kashe dala 553. Ya bar Boston a Afrilun 1895 shi kaɗai, bai dawo ba sai Yunin 1898, bayan mil 46,000. Agogonsa na gwangwani ne da ya saya dala ɗaya. A mashigin Magellan ƙananan ƙusoshi ya watsa a dandamalin jirgin kafin ya kwanta, saboda masu hawowa da dare ƙafa babu takalmi. In ya sauka tudu kuwa, yawo yake sosai. A Samoa ya gaisa da matar marigayi marubuci Robert Louis Stevenson, a Afirka ta Kudu ya je har Pretoria wurin Shugaba Kruger, wanda ya ƙi yarda an kewaya duniya don a wurinsa a shimfiɗe take. Kuɗin guzuri kuma daga lacca yake samu, a garuruwa da dama da ya tsaya.

Mu ɗan tsaya a wannan zamani na katako, domin nan ne asalin sana'ar. Babban abokin gabar jirgi wata tsutsar ruwa ce mai cin itace ta ciki kamar gara, waje lafiya lau, ciki rami. Mai jirgi kan jira ruwa ya cika, ya kai jirgin kan rairayi, in ruwa ya janye ya kwanta gefe guda, sai a kankare ƙwarya da gansakuka, a cusa auduga a tsagar katako da kurfi da guduma, a bi da kwalta, a shafa fentin jan ƙarfe, duk kafin ruwan ya komo. Filafili na auduga ne, yana ruɓewa in an naɗe shi da danshi, don haka allura da zare ba sa barin aljihu. Abinci nama mai gishiri da busasshen biskit, haske fitilar kananzir, ruwan sha abin da sama ta bayar.

Buɗe mashigin Panama a 1914 ya ɗauke wa matafiya wahalar kudancin Amurka, hanya ta koma bin iskar da ke kaɗawa daga gabas a yankin zafi. Harry Pidgeon ya bi ta daga 1921 zuwa 1925 cikin jirgin da ya ƙera da kansa. Amma waɗanda suka mai da abin zaman gida su ne Eric da Susan Hiscock, mata da miji 'yan Ingila, da suka kewaya duniya daga 1952 zuwa 1955 cikin Wanderer III mai ƙafa 30. Ba su nemi bajinta ba. Littattafansu maganar girki ne a murhu mai lilo, da ɗaure anga, da makonnin da suka yi a tsibiran Pasifik suna cuɗanya da mutanen gari. A ganinmu su ne suka jawo jama'a, fiye da duk masu tsere.

Sai masana'antu suka shigo. Yadin Dacron ya kori auduga, jirgin faiba irin Pearson Triton da aka baje a New York a 1959 ya sa malamin makaranta ma zai iya mallakar jirgi, ga injin dizal, ga na'urar tuƙi mai aiki da iska wadda ke ba mutum damar barci. An yi zaton gyara ya ƙare ke nan. Ina! Bayan 'yan shekaru faiba ta fara yin bororo a ƙarƙashin ruwa, gishiri kuma bai daina cin ƙarfe ba. Lin da Larry Pardey sun ƙi wannan tafarki gaba ɗaya, suka yi shekaru suna yawo cikin jirgin katako mai ƙafa 24 ba inji, hujjarsu ita ce abin da babu shi ba ya lalacewa.

GPS, da ya cika aiki a 1995, ya raba mutane da auna rana da taurari da lissafin dare, wanda a da shi ne ƙofar da ke hana rago shiga. Tun 1986 Jimmy Cornell ya fara haɗa ayarin ARC daga Las Palmas, jirage sama da 200 suka tsallaka Atlantika tare a karon farko. Hanyoyi ma sun sauya. Masu hawan Bahar Maliya sun saba yada zango a Sawakin ta Sudan, tashar da alhazanmu na ƙafa suka daɗe suna tsallakawa Jidda daga gare ta, har 'yan fashin tekun Somaliya suka kashe Amurkawa huɗu na jirgin Quest a 2011, da yawa suka koma zagaye ta Afirka ta Kudu.

Jirgin yau akwai sola, firji, injin tace ruwan gishiri da intanet ta tauraron ɗan Adam. Mai shi ya tashi daga kafinta ya zama makaniki da mai gyaran wuta, sai dai yawancin kayan ba sa gyaruwa da hannu, canza su ake yi. Slocum in katako ya karye daji yake nema. Magajinsa kan isa tsibirin da ya yi shekara yana mafarkin gani, ya kwashe mako uku tsakanin ofishin kwastan da shagon kayan gyara, yana jiran famfo ɗaya da aka aiko daga Turai.