Gano Matsalar Sensar Totur da Tangarɗar Injin Babur na Zamani: Nazari daga Sabon Birni da Isa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake gano laifin sensar totur a babura masu fesa mai da kwamfuta, tare da la'akari da yanayin Sabon Birni da Isa a gabashin Jihar Sakkwato. Ta bayyana aikin sensar, ta kwatanta alamomin lalacewarta da na wasu sassan injin, sannan ta tsara matakan awo daga mai araha zuwa mai tsada. Nazarin ya nuna cewa gurɓataccen mai da ƙura da raunin batir suna haifar da alamomi iri ɗaya da na sensa, don haka bai dace a canza ta ba sai mita ta tabbatar da laifinta.

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Gobir babur shi ne jakin wannan zamani. Shi ke kai gero kasuwa, shi ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye, shi ne kuma jarin ɗan kabu-kabu tsakanin Isa da Sabon Birni da Gatawa har iyakar Nijar ta ɓangaren Maraɗi. Mafi yawan waɗannan babura, irin su Bajaj Boxer, masu kafireto ne, kuma bakaniken yankin ya san su kamar yunwar cikinsa. Da jin ƙarar injin ya san inda ciwon yake.

Sai dai masana'antun suna sauya salo. Tun da Indiya ta fara aiki da dokar rage hayaƙi ta BS-VI a watan Afirilun 2020, ƙananan babura da yawa na can suka koma fesa mai da kwamfuta, kamar yadda dokokin Turai suka tilasta tun da farko. Irin wannan babur idan ya iso hannun bakaniken da ya saba da kafireto, kunne kaɗai ba ya wadatarwa. Tambayar wannan nazari ita ce: ta yaya zai bambance laifin sensa da laifin da ba nata ba, da kayan aikin da ba su fi ƙarfinsa ba?

2.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar kwatance. An fara da bayanin yadda sensar ke aiki bisa ƙa'idojin awo da masu ƙera babura suka shimfiɗa, sannan aka auna kowace alama da abubuwa uku da suka shafi yankin: ingancin mai, ƙurar hanya, da lafiyar batir da wayoyi.

3.0 Aikin Sensar Totur

Sensar tana manne a jikin maƙogwaron injin, a kan sandar murfin da ke buɗe wa iska hanya. Wayoyi uku gare ta. Ɗaya tana kawo wuta bolt 5 daga kwamfutar babur, ɗaya ta ƙasa ce, ta ukun kuma ita ke mayar da saƙo. Idan totur yana rufe, saƙon yakan tsaya wajen bolt 0.5. Yayin da mai babur ke murɗawa, sai ya riƙa hawa a hankali har kusan bolt 4.5. Da wannan saƙo da na sauran sensoci kwamfutar ke ƙayyade man da nozul zai fesa, tana neman daidaiton kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur.

A cikin irin wadda ta fi yawa akwai wani ɗan harshe da ke gogar siririn layi. Wurin da ya fi shan guga shi ke fara cinyewa, wato daidai inda hannun ɗan kabu-kabu ke yini. Shi ya sa alamar sensa ta gaskiya takan zo a wuri ɗaya: babur ya yi shaƙuwa a daidai wannan murɗi, da an wuce shi kuma ya sake.

4.0 Abubuwan da Ke Kwaikwayon Laifin Sensa

Na farko shi ne mai. A watan Satumban 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta taƙaita sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsada ta ƙaru. Mai babur a ƙauye ya dogara ne ga 'yan bumburutu, kuma man da ya bi ta jarka da kwalba da mazurari ba ya rasa ruwa ko yashi. Kafireto na iya haƙuri da wannan, a kwance shi a wanke. Nozul kuwa ƙofofinsa ƙanana ne ƙwarai, kuma yana buƙatar famfo ya turo mai da ƙarfin da ya kai kusan ma'aunin bar 3. Matatar mai na toshewa, injin zai fara ja da baya a kan hawa.

Na biyu ƙura ce. Daga buji na hunturu zuwa yashin bakin gulbi, matatar iska tana cika da wuri, datti kuma ya daskare a gefen murfin iska, sai injin ya riƙa mutuwa a sulo. Na uku batir da wayoyi. Babur mai kafireto yana tashi da kik ko batir ya mutu, amma famfo da kwamfuta ba sa aiki sai da isasshiyar wuta. Ƙetare ruwa da damina kuma yana sa soket ya yi tsatsa.

5.0 Matakan Ganowa

A ɗauki misalin babur da aka turo gareji yana shaƙewa idan an ba shi wuta. Bakanike zai fara da tambaya: “Malam, ina ka sha mai jiya? Ka shiga ruwa da shi?” Sai ya tsiyayi mai a farar kwalba ya ɗaga ta a rana, idan akwai ruwa, zai gan shi kwance a ƙasa. Daga nan ya ɗora mita a kan batir. Lafiyayye yana nuna wajen bolt 12.6 a kashe, da 13.5 zuwa 14.5 idan injin yana aiki. Ya duba fulogi da matatar iska, ya kunna makulli ya kasa kunne ga kukan famfo na 'yan daƙiƙoƙi.

Bayan haka ne za a karanta fitilar injin. A baburan Honda masu tsarin PGM-FI, ƙiftawa 8 tana nuni ga layin sensar totur, 7 ga sensar zafi, 12 ga nozul. A na'urar bincike kuwa, lamba P0122 na nufin saƙon ya yi ƙasa, P0123 ya yi sama. Abin lura shi ne lambar tana zargin layin ne baki ɗaya, ba sensar kaɗai ba, domin wayar da ta tsinke ma za ta fitar da ita.

Awon ƙarshe shi ne mai yanke hukunci. A soka siririyar allura ta bayan soket, makulli a kunne, injin a kashe. A tabbatar bolt 5 na isowa, sannan a murɗa totur sannu a hankali ana kallon mita. Idan lamba tana hawa babu tsalle, sensa ta kuɓuta. Idan ta faɗi ko ta yi tsalle a wuri ɗaya, a maimaita ana girgiza wayoyi, don a ware laifin soket. Kada a taɓa ƙusar da kamfani ya shafa wa fenti, kuma idan an canza sensa, a sake saita ta da kwamfutar kamar yadda littafin babur ɗin ya tsara.

6.0 Kammalawa

Kowane canjin kaya bisa zato hasara ce ga mutumin da abincin gidansa ke kan wannan babur: kuɗin kaya, jiran saƙo daga Sakkwato ko Kano a kan hanyar da ba ta da tabbas, da kwanakin da ba a fita aiki ba. Ƙaramar mita ɗaya ta isa ta hana yawancin wannan. Don haka ana ba ƙungiyoyin bakanikai da makarantun koyon sana'a na jihar shawara su sanya karatun mita cikin abin da yaron gareji zai ƙware a kai kafin a yaye shi. Kunnen bakaniken Gobir bai tsufa ba. Abokin aiki yake buƙata.