Yadda shaho ya tare a biranen Ingila

Har yanzu masu tseren tantabaru a Birtaniya na kuka da shahon da Turawa ke kira peregrine. Wai ya cika birane yana cinye musu tsuntsaye, kuma laifin na masu kafa masa akwatin sheƙa ne a saman coci-coci.

Asalinsa tsuntsun duwatsu ne, ko da yake tun ƙarni na 19 an ga ya yi sheƙa a hasumiyar babban cocin Salisbury. A 1940 gwamnati ta halatta harbe shi, saboda yana kame tantabarun da ke ɗauke da saƙon sojoji.

Abin dariyar, ƙorafin masu tantabarun ne ya cece shi. Su suka kai ƙara cewa ya yi yawa, aka sa wani masani, Derek Ratcliffe, ya jagoranci ƙidayarsa a 1961 da 1962, sai ga shi shahon ƙarewa yake yi. Magungunan ƙwari na gona ne suka taru a jikinsa ta hanyar tsuntsayen da yake ci. A 1967 Ratcliffe ya nuna cewa ɓawon ƙwansa ya yi rauni tun lokacin da aka fara feshin DDT, har yakan fashe a ƙarƙashin uwar. Da aka hana magungunan, sai ya farfaɗo.

To me ya shigo da shi gari? Batun akwati bai gamsar da ni ba. A Derby, shahon ne ya fara zuwa hasumiyar coci da kansa, sai a 2006 aka kafa masa wurin saka ƙwai. Abinci ya biyo. Wasu masu bincike, Ed Drewitt da Nick Dixon, sun shafe shekaru suna tsintar gashi, kawuna da ƙafafun da ke zubowa ƙarƙashin sheƙu a Exeter, Bristol da Bath. Tantabara ce kan gaba, gaskiyar masu ƙorafi ke nan, har da masu zoben tsere a ƙafa. Amma an kuma tsinci ragowar tsuntsayen fadama da ba sa tafiya sai da dare. Hasken fitilun titi ke dukan cikinsu idan sun ratso sama, shahon ya hango su daga inda yake fake. A 2009 kyamarar da ke cocin Derby ta ɗauke shi cikin dare, ya dawo da wani tsuntsu mai dogon baki da ransa.