Waƙoƙin Bishara a Ƙasar Yawuri: Daga Aro Zuwa Ƙirƙira

Manazarta adabinmu sun saba kasa waƙa gida biyu, ta baka da rubutacciya, amma ba kasafai suke waiwayar waƙoƙin majami'a ba, alhali kuwa an fi shekara 100 ana rera su da Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna yadda waɗannan waƙoƙi suka shigo a matsayin kayan aro, sa'an nan suka zama na gida, tare da ɗaukar ƙasar Yawuri a matsayin misali.

Tushen abin yana Ingila da Amurka. Isaac Watts (1674–1748) da Charles Wesley (1707–1788) su ne suka shimfiɗa harsashin waƙar ibada da Ingilishi. Daga baya aka sami salon da ake kira waƙar bishara, mai sauƙin kalmomi, mai amshi. Fitacciyar marubuciyarsa ita ce Fanny Crosby (1820–1915), makauniya, wadda ta tsara dubban waƙoƙi. Ira Sankey (1840–1908) kuwa shi ya yaɗa salon a tarurrukan wa'azi. Daga irin waɗannan taskoki ne 'yan mishan suka ɗebo da yawa daga cikin abin da aka tara a Littafin Waƙoƙi.

Likita Walter Miller na CMS ya zauna a Zariya a 1905, kuma ya taka babbar rawa wajen fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito a kammale a 1932. A wannan shekara ta 1905 ce kuma A. W. Banfield ya kafa tasha a Shonga ta ƙasar Nufe. Mishan ɗinsa, wadda aka sani da UMS, ta buɗe Salka cikin Kambari a 1923, da Zuru a 1925, daga bisani ta isa Yelwa. Da yake Kambari da Gungawa da Dukawa da Shangawa kowa da harshensa, sai Hausa ta zama harshen haɗuwa a majami'a kamar yadda take a kasuwa. Ke nan mutanen da Hausa ba harshen uwa ba ce a gare su suna cikin waɗanda suka raya wannan reshe na waƙar Hausa.

Sai dai aron ya zo da matsala. Ma'aunin waƙar Ingilishi ya dogara ne kan ƙarfafa gaɓa, na Hausa kuwa kan nauyin gaɓa da rashin nauyinta, ga kuma karin sauti da ke bambanta ma'ana. Mai fassara ya tarar da kari a shirye, dole ya cusa kalmomi a ciki. Saboda haka sau da yawa akan ja gajeren wasali, ko murya ta hau inda Bahaushe zai sauke ta. Mai sauraro ya ji Hausa, amma da lafazin baƙo.

Maganin ya fito ne daga masu ibadar kansu, musamman ƙungiyoyin Zumuntar Mata. Su ne suka koma ga tsarin jagora da 'yan amshi, da kiɗan tulu da caki, suna ɗaukar labari ko aya suna ɗora mata karin da ya bi hawa da saukar magana. Irin waɗannan waƙoƙi daga baki zuwa baki suke tafiya, a taron shekara ko biki ko zaman makoki, har sunan wadda ta ƙaga su ya ɓace a hanya.

A nan ne aiki ya rage wa manazarci. An rubuta tarihin Crosby filla-filla, amma mawallafan gida a ƙwaƙwalwar tsofaffi suke. Ambaliyar tafkin Kainji a 1968 ta riga ta tashi garuruwa da dama na bakin Kwara, aka sake musu matsuguni, kuma duk ƙaura tana tafiya da wani abu na tarihi. Ya kamata ɗalibanmu su shiga Wara da Ngaski da Shanga, su naɗi waƙoƙin, su tambayi wa ya fara rera kowace, tun masu amsar suna raye.