Daga kamu zuwa metir: tarihin awon tsawo a ƙasar Ƙwanni

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba yadda awon tsawo ya canza a gundumomin Birnin Ƙwanni, Malbaza da Illela na jahar Tawa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, a wannan yanki ma'aunai iri uku ke aiki a bakin mutum guda: na gargajiya, na Faransa da na Ingila. Za mu bi asalin kowanensu, sa'an nan mu nuna abin da rikita su ke jawo wa mai saye da ɗan lakwal.

2. Awon jiki

Kafin zuwan Turawa, jikin ɗan Adam shi ne ma'auni. Kamu yana tashi daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, da shi masaƙa da ƴan koli ke auna ƙyalle. Taƙi da dani buɗin yatsu ne. Gaba kuwa buɗin hannuwa biyu ce, da ita ake faɗin zurfin rijiya da tsawon igiyar guga. Nisan tafiya, fatake na ƙirga shi da zango. Ma'aunan nan ba su da tsayayyen adadi, don kamun dogo ya fi na gajere. Saboda haka awo kansa yana cikin ciniki: sai an shirya a kan hannun da za a auna da shi.

3. Mil ɗari daga Sakkwato

Metir ɗan juyin juya halin Faransa ne. A 1791 masanan Paris suka tsai da shi a kan kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu. Delambre da Méchain suka auna tsakanin Dunkerque da Barcelone daga 1792 zuwa 1798. Amma sai a 1840 aiki da shi ya zama tilas a Faransa.

Abin lura a nan, ma'aunin Turawa na farko da ya yanke wa Ƙwanni hukunci na Ingila ne. Yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga tsakiyar birnin Sakkwato, wato kilometir 161 ba kaɗan, ta bar abin da ke cikinta ga Ingila. Da wannan lissafi Ƙwanni da Malbaza suna ɓangaren Ingila, Illela kuma tana dab da bakin layi. Wannan bai hana rundunar Voulet da Chanoine afka wa Birnin Ƙwanni a watan Mayu 1899 ba. Da Faransawa suka ga layin ya bar su ba hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, suka nemi gyara, suka samu a yarjejeniyoyin 1904 da 1906. Tilho da O'Shee suka bi iyakar suna kafa alamu, aka tabbatar da aikinsu a 1910. Ta haka yankin ya faɗo hannun Faransa, metir ya shigo ta lakwal, ta aikin hanya da ta ofishin kumandan.

4. Kalmomi biyu, kasuwa guda

Tarihin nan ya bar sawunsa a cikin harshe. A Ƙwanni ana jin metir, santimetir da kilometir, daga Faransanci. Da an tsallaka zuwa ɗaya Illelar, ta jihar Sakkwato, sai a ji mita, tare da yadi, ƙafa, inci da mil, daga Ingilishi. Nijeriya ta koma tsarin metir a shekarun 1970, amma kasuwa ba ta saki yadi ba, kuma kayan da ke shigowa daga can da nasu awo suke zuwa.

Tun 1959 yadi ya tsaya a kan metir 0,9144, inci kuma santimetir 2,54. Atamfa ta yadi shida ke nan metir 5,49 ce. Matsalar ita ce, a bakin jama'a yadi kamu biyu ne, metir ma kamu biyu ne, alhali akwai santimetir 8,56 tsakaninsu. Wanda ya biya kuɗin shadda metir goma aka auna masa da sandar yadi, ya yi asarar santimetir 85,6, kusan yadi guda ke nan. Haka abin yake a gini, a yankin da masana'antar sumunti ta Malbaza ke aiki tun shekarun 1960: magini na cewa bulo na 15 ko na 20, abokin aikinsa na ƙetare yana cewa inci 6 ko inci 9. Na farkon sun kusa daidai, don inci 6 santimetir 15,24 ne, amma inci 9 ya kai 22,86.

Akwai kuma ruɗani na cikin gida. Kalmar kilo tana nufin nauyi, tana nufin nisa, alhali a asali ma'anarta dubu. Santi kuwa kashi ɗaya cikin ɗari ne. Ɗan lakwal da ya haddace jadawalin juya ma'auni da Faransanci yakan iya gusa waƙafi ba tare da ya san dalili ba, don ba a taɓa gaya masa da Hausa cewa kowane mataki ninki goma ne ba.

5. Kammalawa

Tun 1983 ana bayyana metir da tafiyar haske, kamu kuwa yana nan a hannun tela. A 2025 Nijar ta ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka tambayar ta fito daga ɗakin nazari ta shiga aji. A ganinmu abu uku suka kamata. Na farko, a shirya da malaman Nijeriya a kan rubutu guda, ko metir ko mita. Na biyu, a riƙa faɗin kilometir da kilogram a cike cikin littattafan lissafi. Na uku, a fara darasin awo da kamu da gaba, a sa yara su auna tebur guda da hannuwansu, su ga sakamakon ya saɓa, sa'an nan a kawo sandar metir da ta yadi a ajiye su gefe da gefe.