HUSUFIN WATA A ƘASAR FUNTUA: TARIHIN KIƊAN GWANGWANI, DUBA DA SALLAH

Ranar Juma'a 27 ga Yulin 2018, da ƙarfe 8:30 na dare agogon Najeriya, wata ya shige inuwar duniya baki ɗaya, bai fara fitowa ba sai bayan minti 103. A duk ƙarnin nan na 21 babu husufin wata da zai kai wannan tsawo. Tsakiyar damina ce a ƙasar Funtua da Malumfashi, masara ta tashi, auduga ta yi ganye, hankalin manomi yana kan taki da ruwan sama. Duk wanda hadari bai rufe masa sama ba, daga Bakori zuwa Ɗanja har Kafur, ya ga farin wata ya rikiɗe ya yi jajir kamar garwashi, ga tauraron da malaman falaki ke kira Mirrihu yana ƙyalli kusa da shi.

Tambayar da aka yi a ƙofar gidaje a wannan dare tsohuwa ce ƙwarai: me wannan yake nufi?

Amsar da ta fi daɗewa a ƙasar Hausa ita ce wata ya yi zazzaɓi, ko kuma rana ce ta kama shi. Tunda kama shi aka yi, sai a taya shi kuɓuta. Shi ya sa a da, da zarar wata ya fara dusashewa, yara da almajirai za su ɓarke a lungu-lungu da gwangwani da tasa da tsohon faranti, suna kaɗawa suna roƙon rana ta sake shi, mata kuma na cikin gida suna salati. Dattawan Funtua da ƙauyukanta da yawa sun yi wannan da ƙuruciyarsu, kuma a wajensu abin yana ci, domin ba a taɓa yin daren da aka yi kiɗan wata ya ƙi dawowa ba.

Akwai tsohuwar shaida a rubuce kan wannan al'ada, ko da yake ba a ƙasar Katsina aka rubuta ta ba. A daren 2 ga Satumbar 1830 wasu Turawan Ingila biyu, wa da ƙane, Richard da John Lander, suna garin Busa na ƙasar Borgu a bakin Kwara, a tafiyarsu ta neman inda kogin ya ƙare. Wata ya yi husufi. Suka rubuta cewa gari ya rikice, jama'a suka taru da ganguna da ƙaho da duk wani abu mai ƙara, ana ihu ana kuka, wasu na ganin duniya ce ta zo ƙarshe. Suka kuma rubuta bayanin da malaman garin suka bayar: wai wata ne ya gaji da hanyarsa mai ƙaya da sarƙaƙiya, ya faki ido ya shiga hanyar rana, ita kuwa ta gan shi, ta fusata, ta lulluɓe shi da duhu don ta kora shi wurinsa. Tsohon garin Busa yau yana ƙarƙashin ruwan madatsar Kainji, amma labarin faɗan rana da wata yana nan a bakin tsofaffi.

Funtua gari ne da ya tara irin waɗannan labarai daga ko'ina. Asalin sarautar yankin a Maska yake, tsohon garin saƙa da rini. Da layin dogo daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa ta nan a ƙarshen shekarun 1920, ga injin gurzar auduga na Turawa, sai Funtua ta cika da baƙi: fatake, leburori, malamai da almajiransu. A karkarar Malumfashi da Kafur kuma ga Maguzawa da tasu fahimtar ta sama da ƙasa. Kowa ya zo da abin da kakanninsa suka faɗa masa game da daren da wata ya yi duhu.

Sai dai kiɗan yara ba shi ne ya fi nauyi ba. Abin da ya fi kama zukatan manya shi ne fassarar masu duba.

A nan dole a ambaci wani Bakatsine da duniyar ilimi ta san shi fiye da yadda 'yan jiharsa suka san shi: Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Ya yi karatu a wannan yanki namu, ya tafi aikin Hajji wajen 1730, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar Abdurrahman Aljabarti. Ya yi rubutu kan hatimai, wato jadawalin lambobi da jimillarsu ke zama ɗaya ta kowace fuska, aikin da masana lissafi ke nazarinsa har yanzu. Ya kuma rubuta Addurrul Manzum, littafi kan ɗalasimai da taurari. A hannun mutum ɗaya ke nan lissafi tsantsa ya haɗu da ilimin da ke cewa motsin taurari yana nuna abin da zai sami mutane. Haka abin yake a zamaninsa daga Katsina har Bagadaza. Akwai ma littattafan da ake kira malhama, mafi shahara cikinsu wanda ake jinginawa Annabi Daniyalu, masu jera watanni ɗaya bayan ɗaya suna faɗin abin da husufi a kowanne yake nufi: mutuwar sarki, tsadar abinci, annoba, yaƙi.

Daga irin wannan rijiya maganganun da ake ji a zaure suka ɓuɓɓugo. Wani babba zai kwanta dama. Bana shekara za ta yi tsanani. A ƙasar da rayuwa ta rataya kan damina, inda yankewar ruwa na mako uku a watan Yuli ke iya cinye jarin mutum na shekara, wannan magana tana da kaifi. Kuma tana da sauƙin gaskatuwa, domin babu shekarar da za ta wuce ba a rasa wani babba ba, ko hatsi bai motsa a kasuwar Dandume ba. In abin ya faru a ce ai an faɗa. In bai faru ba a ce sadakar da aka fitar ce ta tare.

Malaman jihadi ba su yi wa wannan sassauci ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albabi, ya sa da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko duban taurari cikin ayyukan da ke rushe imanin mutum. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta littafi sukutum yana gargaɗin a nisanci masu rufa-ido da masu duban taurari. Hujjarsu ta samo asali ne daga abin da ya faru a Madina a shekara ta 10 bayan Hijira. A ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu, rana ta yi kusufi, mutane suka ce saboda rasuwar yaron ne. Manzon Allah, yana cikin zafin rashin ɗansa, ya tashi ya warware wannan zato: ya sanar da su cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, ya kuma umarce su da sallah da addu'a da kabbara da sadaka idan sun gani. Masanin falaki na Masar a ƙarni na 19, Mahmud Basha, ya yi lissafi ya gano cewa ranar ta dace da 27 ga Janairun 632. In har rana ba ta yi duhu don ɗan Annabi ba, da wace hujja za a ce wata ya yi duhu don wani hakimi ko attajiri?

Yadda ake yin sallar ma yana da nasa tarihin a garuruwanmu. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar zaure ya san hukuncin Malikiyya: kusufin rana ana yi masa sallah cikin jam'i, raka'a biyu, kowace da ruku'u biyu, husufin wata kuwa kowa ya yi tasa shi kaɗai, raka'a bibbiyu irin na nafila. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad sun tafi a kan a yi jam'i a duka biyun. Shi ya sa tun bayan yaɗuwar ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, za a iya jin lasifikar wani masallaci tana kiran jama'a a daren husufi, alhali dattijon maƙwabcin masallacin ya shimfiɗa buzunsa a ɗaki. Dukansu suna da magabata a kan abin da suke yi, kuma bai kamata wannan ya zama abin zargin juna ba.

Akwai wata fassarar da ta fi ta masu duba haɗari, kuma Arewa ta ɗanɗana ta. A daren 9 ga Janairun 2001 wata ya yi cikakken husufi, aka gan shi a duk faɗin Najeriya. A Maiduguri wasu matasa suka yanke hukuncin cewa zunubin masu otal da gidajen giya ne ya jawo, suka bi gari suna cinna wuta. Rahotannin lokacin sun ce wuraren da aka ƙona sun kai arba'in. An ɗauki ayar da aka saukar don kowa ya duba kansa, aka mayar da ita takardar tuhumar maƙwabci.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe game da wannan dare. Tun zamanin mutanen Babila aka lura cewa husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11 da kimanin awa 8. A ɗora wannan a kan daren Maiduguri, sai a sauka a asubahin 21 ga Janairun 2019. Kuma haka aka yi: a wannan asuba, da ƙarfe 5:41, wata ya shige inuwar duniya gaba ɗaya a sararin Funtua da Malumfashi, lokacin da masu sallar Asuba ke kan hanyar masallaci cikin sanyin hunturu. A ja baya kuma a sami 30 ga Disambar 1982. Husufin da aka ƙona dukiyar mutane saboda shi yana da ranarsa da sa'arsa tun kafin a aza tubalin waɗannan otal-otal.

Dalilin husufin wata ba ɓoyayye ba ne. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake haskawa da shi. Idan duniya ta shiga tsakaninsu daidai wa daida, inuwarta sai ta faɗa masa, shi ya sa ba a ganin husufin wata sai a tsakiyar watan Musulunci, daren sha huɗu ko sha biyar. Ba ya faruwa kowane wata saboda hanyar wata ta karkace daga ta rana da kimanin digiri 5. Sai ya cika a kusa da ɗaya daga mahaɗun hanyoyin biyu, waɗanda malaman falaki na da suke kira kai da wutsiya. Jan da ake gani kuwa hasken rana ne da ya ratsa iskar da ke kewaye da duniya, ta tace shi, ja ya isa. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo wannan bayani na inuwar duniya a gabatarwar littafinsa na raddi ga masana falsafa, ya kuma yi kashedin cewa mai musanta shi da sunan kare addini cutar da addinin yake yi. Alƙur'ani da kansa, a Suratur Rahman, ya sanar cewa rana da wata bisa lissafi suke tafiya. Sanin lokacin husufi bai rage masa girma ba, kamar yadda mutanen Gusau da Katsina za su shaida, waɗanda hantsi ya koma musu dare ranar 29 ga Maris ɗin 2006 duk da an sanar da su tun da wuri.

Abin baƙin ciki shi ne, a yaƙin da aka yi da duba, an haɗa da wani ilimi mai tsabta an yi watsi da shi. Manoman ƙasar nan suna da lissafin taurari 28, bakwai ga kowane yanayi, kowane tauraro kwana 13, ɗaya kuma 14, jimilla kwana 365. Da shi tsofaffi ke sanin shigar bazara da kamawar damina, su san ruwan da za a yi shuka da shi da wanda yaudara ce. Sun san fitowar Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara matar wata. Babu da'awar gaibu a cikin wannan, kallon sama ne na ɗaruruwan shekaru da aka tara don amfanin gona. Masu riƙe da shi a ƙauyukan Maska da Bakori da Malumfashi suna ta raguwa, jikokinsu kuwa labarin husufi a Facebook da WhatsApp suke samunsa, sau da yawa haɗe da fassarar masu duban taurari na Turai da Indiya, wadda ba ta fi ta malhama gaskiya ba ko kaɗan.

Yau hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya tana sanar da husufi kwanaki kafin ya zo. Husufin 7 ga Satumbar 2025, wanda wata ya fito da shi tun da magariba a kwanakin Mauludi, an san da shi shekaru da yawa kafin ranar. Saura aikin limamai da malaman Islamiyya da na boko a Funtua da kewaye: su riƙa sanar da jama'a tun a huɗubar Juma'ar da ta gabata, su faɗi dalilinsa, su koyar da sallarsa, su fito da ɗalibai fili su gani da idonsu, tunda kallon husufin wata ba ya cutar da ido. Wanda kuma Allah ya bar masa tsoho a gida da ya san taurarin damina, ya zauna da shi a wannan makon da takarda da biro, ya rubuta sunayensu da kwanakinsu da aikin gonar da ake yi a kowanne.