Alƙawarin 1958: na'urar da aka ce za ta san da kanta

Kwanakin nan tambaya guda ke ta dawo mana daga masu saurare: wai wannan abin da ke cikin waya, wanda ake rubuta ma tambaya ya ba da amsa kamar mutum, ya san abin da yake faɗa? Yana da hankali? To, tambayar ta girme mu duka. Bari mu koma baya mu ga inda ta samo asali.

A cikin kan kowannenmu akwai ƙananan ƙwayoyin jijiya kimanin miliyar 86, waɗanda muka karanta a lakwal da sunan neron. Kowace tana karɓar saƙo daga maƙwabtanta, in saƙon ya yi ƙarfi ita ma ta aika gaba, in bai kai ba ta yi shiru. A 1943, a birnin Chicago na Amurka, wani likitan ƙwaƙwalwa, Warren McCulloch, da wani saurayi ɗan shekara 20, Walter Pitts, wanda ya gudo daga gida ya koya wa kansa lissafi, suka ce ai wannan "aika ko shiru" ana iya rubuta shi da lissafi. In kuwa ana iya lissafa shi, ana iya ƙera shi. Daga nan aka fara kwaikwayon ƙwaƙwalwa.

A watan Yuli na 1958 sojan ruwan Amurka suka kira ƴan jarida don su ga aikin wani masani, Frank Rosenblatt, da ya sa wa suna Perceptron. Aka riƙa nuna wa wata kwamfuta mai girman ɗaki katuna, wasu da alama a hagu, wasu a dama. In ta yi kuskure a gyara mata. Bayan gwaji 50 ta fara bambanta hagu da dama. Iyakar abin da ta yi ke nan. Amma washegari jaridar New York Times ta ruwaito cewa ana sa ran na'urar za ta yi tafiya, ta yi magana, ta gani, ta yi rubutu, ta haifi irinta, har ta san cewa tana nan a duniya. Ku riƙe wannan alƙawari na ƙarshe, za mu dawo kansa.

Ba a jima ba murna ta koma ciki. A 1969 Marvin Minsky da Seymour Papert suka fitar da littafi suka nuna cewa akwai ƙananan matsaloli da irin wannan na'ura mai hawa ɗaya ba za ta taɓa warwarewa ba. Masu ba da kuɗi suka ja baya. Rosenblatt ya rasu a haɗarin jirgin ruwa a 1971, ranar da ya cika shekara 43, bai ga abin da aikinsa zai zama ba.

Abin da ya taimaka wa wannan hanya ta farfaɗo, kyanwa ce. Tun 1959 wasu masana biyu, David Hubel da Torsten Wiesel, suna auna ƙwaƙwalwar kyanwa suna nuna mata hotuna. Sai suka gano cewa akwai neron da ba ya motsi sai ya ga layi a tsaye, wani sai layi a kwance, wani a karkace. Ashe gani hawa-hawa ne: layi, sannan siffa, sannan abu. A 1980 wani ɗan Japan, Kunihiko Fukushima, wanda ke aiki a sashen bincike na gidan rediyo da talabijin na ƙasarsa, ya tsara na'ura bisa wannan tsari. A 1989 wani Bafaranshe, Yann LeCun, ya koya wa irinta karanta lambobin da mutane ke rubutawa da hannu a bayan wasiƙu. A 2012 ɗaliban Geoffrey Hinton a Toronto ta Kanada suka shiga gasar gane hotuna, kuskurensu ya tsaya wajen kashi 15 cikin 100, na mai bi musu kashi 26. Daga ranar kamfanoni suka yi ca. A 2024 Hinton da John Hopfield suka samu kyautar Nobel. Wayar da ke buɗewa in ta ga fuskarku, jikar waccan kyanwa ce.

To, mu duba alƙawarin 1958. Gani, an samu. Magana da rubutu, an samu. Tafiya ma akwai mutum-mutumin da ke yi. Sanin kai fa? Har yau masana ba su daidaita kan ma'aunin da za a auna shi da shi ba, ko a mutum, balle a na'ura. Akwai wata ƴar tsutsa mai neron 302 kacal, an zana taswirar jijiyoyinta tun 1986, amma har yanzu ba a kammala kwaikwayonta a kwamfuta ba. Ƙwaƙwalwarmu kuma tana aiki da wat 20, kwatankwacin ƙaramin ampul, alhali manyan na'urorin yau na shan wutar da za ta ishi gari.

Abin da tarihin ya fi tona wa asiri shi ne mu, ƴan Adam. A 1966 Joseph Weizenbaum ya rubuta wani ɗan tsari mai suna ELIZA, wanda aikinsa kawai ya juya maganarka ya maido maka ita a matsayin tambaya. Sakatariyarsa, wadda ta ga yadda aka haɗa abin, bayan ƴar hira da shi sai ta roƙi maigidan ya fita ya ba su wuri. A 2022 wani injiniyan Google ya fito ya ce na'urar hirarsu tana da ji a jika. Kamfanin ya musanta, ya sallame shi. Shekara 56 tsakani, tarko ɗaya: da mun ji magana mai daɗi sai mu ɗauka akwai mai ita a ciki. Mu ma'aikatan rediyo mun san wannan. Ana ba da labarin tsofaffin da, farkon zuwan akwatin rediyo, suke leƙa bayansa su ga mai maganar. Su dai sun fi mu hujja, don akwai mutum a can nesa gaban makirfo. A nan kuwa lissafi ne ke zaɓo kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata, daga tarin rubutun da mutane suka yi. Kama da wane ba wane ba ce.

Me ya sa muke damuwa? Saboda yau ɗalibi a Zinder yana tambayarta darasi, mai jego a Maradi tana tambayarta magani, wani a Tawa har fatawa yake nema. Tana amsawa cikin natsuwa ko ta yi daidai ko ta yi kuskure, murya ɗaya ce. Malami in ya yi kuskure ana iya komawa wurinsa, likita yana da sunan da zai kare. Ita ba ta da abin da za ta yi asara. Hausa kuma ba ta cikin harsunan da aka fi ciyar da ita da su, don haka tuntuɓenta a harshenmu ya fi yawa.

Ba mu ce a guje ta ba. Kayan aiki ce mai amfani, ta taimaka wajen fassara, lissafi da rubuta takarda. Amma maganar lafiya a kai ta likita, maganar addini a kai ta ga malamai, labari kuma a bincika kafin a tura wa jama'a.

Ku fa, kun taɓa kama ta da kuskure? Ku rubuto mana a ƙasa, za mu karanta wasu a cikin shiri. Allah ya ba mu alheri.